Sarƙar da ta dawo da ƙanshin man kaɗe

Zongo, Yendi.

Zuwa ga ɗana Yakubu Ƙarami, a Tema.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka lafiya, kana ci kana ƙoshi, kana sallah a kan lokacinta. Allah ya tsare ka daga abin da ke ƙasa, ya tsare ka daga abin da ke rataye a sama. Mu nan sai godiya. Mamanka da ƙannenka suna gaishe ka. Labarin gida kuwa ba zan ɓata takarda a kansa ba, direban motar doyan da zai miƙa maka saƙon nan zai ba ka shi har ka roƙe shi ya yi shiru.

Abin da ya zaunar da ni rubutu daban ne. Wata biyu ina ja da kai a kan aikin nan na tashar jiragen ruwa. Ranar da ka ce mini, "Baba, da aikin kiren ka ciyar da mu, ni don me za ka hana ni?" sai na ce ka tashi ka ba ni wuri. Na san tsawa na yi maka, ban ba ka amsa ba. A tasha ma na riƙe hannunka har direba ya gaji da danna oda, ban iya cewa komai ba sai Allah ya kiyaye hanya. Ka tafi kana zaton fushi nake yi. Wallahi tsoro ne, da wata magana da na daɗe ina ɓoye maka. Yanzu tunda kai ma za ka tsaya kusa da ƙugiya, ranar wanka ta zo, ba a ɓoyon cibi.

An ce mini aikin da za su fara ba ka irin nawa ne, ɗaura kaya. Direban kiren, wato injin ɗaga kaya, yana can sama a kujerarsa, kai kana ƙasa. Kai za ka zaɓi sarƙa, ka zagaya ta jikin kaya, ka rataya a ƙugiya, ka ɗaga hannu a ɗaga. Masu wucewa direba suke kallo suna sha'awa, amma ran duk wanda ke wajen yana hannun wanda ya zaɓi sarƙa. Na yi wasa da wannan amana ba sau ɗaya ba. Wasu Allah ya rufa asiri, aka yi dariya aka wuce. Akwai ɗaya da ba a yi dariya ba, zan zo kanta.

A Salaga muka shiga aikin, ni da Babanka Yakubu wanda ka ci sunansa, bayan shekarar yunwar nan da daji ya yi ta cin wuta. Kana ɗan shekara biyar, ba za ka tuna ba. Wani kamfani ya zo sa kwalbatoci a hanya yana neman majiya ƙarfi, mu kuwa a lokacin ko tsauni aka ce mu ture don kwanon masara za mu gwada. Tare muka tashi da shi a Zongon Salaga, tare muka yi karatu, tare muka sha bulala, shi ya sa da aka haife ka ban je nesa neman suna ba. Shugabanmu a wajen aiki wani tsoho ne, Fomen Atinga, mutumin Bolga. Ya yi shekaru a tashar jiragen Takoradi, yatsunsa biyu na hagu can ya baro su.

Wata rana na ga zobe ɗaya a sarƙarmu ya ɗan tsage. Sabuwa sai daga Tamale, sai a yi mako ana jira aiki a tsaye. Ni kuma jikan maƙera ne, ka san Kawu Ɗanladi, har daga Kpandai ake zuwa sayen fartanyarsa. Na ce a raina, ƙarfe ai ƙarfe ne. Na saɓi sarƙa na kai maƙera, Kawu ya zuga wuta, zobe ya yi ja, ya buge shi ya haɗe sumul, ni da na kawo ma sai da na nemi wurin na rasa. Na dawo ban gaya wa kowa ba, ina jira aiki ya yi kyau sannan in bugi ƙirji.

Washegari muka ɗaura bututun kankare. Bai kai gwiwa daga ƙasa ba sai muka ji tas! Zoben Kawu ya buɗe baki, bututu ya faɗi ya gangara, ya bi ta kan daron wake da shinkafa na matar da ke sayar mana da abinci. Ita da tsalle ɗaya ta tsira. Ta tsaya ta zage mu da Hausa, ta zage mu da Gonjanci, da ta ga kamar Atinga bai ji da kyau ba ta ƙara masa da yaren Asante. Tsoho ya sunkuya. Ya tsinci zoben, ya juya shi, ya ga sawun guduma.

"Wa ya kai sarƙa nan wuta?"

Na ce ni ne.

Ya ce da irin Hausarsa, "Tanko, ƙarfe nan ba fartanya ba ne. Inda an yi shi, an dafa shi sau ɗaya, daidai. Ka dafa shi na biyu, ƙarfi duka ya gudu. Ido ya gani lafiya, ciki rogo ne."

Ya miƙo mini zarto, ya ce in yanka sarƙar gunduwa-gunduwa, a cikin rana. Na ce ai sauran zobban lafiyarsu ƙalau, a ba masu shanu mana su amfana. Ya ce, "Yau ka ba mai shanu, gobe ya dawo wurin aiki a hannun wani wawa kamar kai." Na yini ina yanka har tafina ya yi bororo, na kuma yi kwana uku ina ɗebo wa matar nan ruwa a rijiya kafin ta sake sayar mini da abinci. To ka ji. Sarƙar ɗaga kaya ba ta shiga wuta, ba a yi mata walda, ba a haɗa ta da noti ko waya, ko wane ne gwanin da ya ce zai iya. In an ce ta mutu, ka tabbata an yanka ta a gaban idonka. Har gobe ina gode wa tsohon nan da bai kore ni ba, da ya kore ni ban san me za ku ci ku girma ba.

Daga Salaga aiki ya kawo mu Yendi, hanyar Saboba. Nan ma ban daina neman yabo ba. Aka ce manya za su zo daga Accra duba aiki, sai na samo ragowar jan fenti na shafe sarƙoƙinmu huɗu, na rataye su a jere suna sheƙi. Atinga ya shigo sito, ya tsaya, ya dube su, ya dube ni, ya aika a kawo kananzir da burushin waya. Manya suka zo suka tafi ina tsugune bayan sito ina kankare fenti. A sarƙa ta uku na tarar da tsaga siririya kamar gashi a gindin wani zobe, ni da hannuna na lulluɓe ta. Ranar kuwa da ita za mu ɗaga ƙarfen gada. Igiyar waya tana da ɗan kirki, kafin ta tsinke silinta yakan tashi ya soke ka a hannu, ka san ta gaji. Sarƙa ba ta sallama. Don haka ka bar ta tsirara, ka goge ta, ka bi ta zobe-zobe da ido da yatsa, musamman inda zobe ke gugar ɗan'uwansa, nan take cinyewa.

Tsohon nan ba ya dogon bayani. Wata rana na ware ƙafafun sarƙa biyu sosai don su kai wannan ƙarshe da wancan na wani dogon ƙarfe. Ya sa aka cika bokiti biyu da ruwa ya ce in ɗauka. Na ɗauka hannuwa a ƙasa ina dariya. Ya ce to miƙe su gefe. Ban ƙirga goma ba kafaɗuna suka ɗauki wuta.

"Ruwa ya ƙaru?"

Na ce a'a.

"To sarƙa ma haka yana ji."

Sauran kuma da mita ya cusa mana su, safe da yamma, har Babanka Yakubu ya iya kwaikwayon muryarsa. Kada ka ƙulle sarƙa don ka rage tsawonta, kada ka bar ta a murɗe. In kaya yana da kaifin gefe ka sa katako ko guntun taya a tsakani. Nauyi ya zauna a cikin cikin ƙugiya, ba a kan bakinta ba. A fara ɗagawa kamar taki ɗaya a tsaya, a saurara, sannan a ci gaba. Mutum ɗaya ne ke yi wa direba hannu. A lokacin muna ganin tsufa ne ke damunsa, yanzu kuwa ni ne nake yi maka irin mitar, ka yi haƙuri ka sha.

Abin da ya fi daraja a wajensa shi ne sandunansa. Duk sabuwar sarƙar da ta zo, kafin ta ɗaga ko tsinke, sai ya miƙe ta a ƙasa, ya yanko sanda, ya ƙirga zobe goma ya yi tsaga a inda na goman ya ƙare, ya ƙara wata tsagar gaba kaɗan. Sarƙa in ta sha nauyin da ya fi ƙarfinta, ko aka fizge ta, miƙewa take yi, zobban su yi tsawo su tsuke, ido bai cika gani ba. In ka ɗora ta a kan sandarta zobe na goma ya wuce tsaga ta biyu, ba sauran magana sai zarto. Da ƙarfinsa ya ƙare zai koma Bolga, ni ya danƙa wa makullin sito da sandunan. Ya ce, "Sanda nan ba ya jin kunyar kowa. Shi ya sa na fi yarda da shi a kan mutum." Na yi dariya na karɓa, na ɗauka barkwanci ne na tsofaffi.

Sai aka tura mu Bawku, garin mamanka. Ka gyara zama, wannan ita ce maganar.

Farkon damina ne, ranar Lahadi ba aiki. Da hantsi ina zaune a ƙofar masaukinmu sai ga kakanka Alhaji, Allah ya jiƙansa, da ƙafa, gefen rigarsa duk taɓo. Mutumin da in yana son ganina aike yake yi. Na zabura na tsuguna na gaishe shi.

Ya ce, "Malam, an ce makullin sito yana hannunka."

Na ce, "Yana hannuna, Baba."

Ya ce, "Aron sarƙa na zo. Motar albasa ta kafe a mashigin rafi, namu biyu sun tsinke, ga hadari yana haɗuwa. Kayan ba nawa ba ne ni kaɗai, amanar mutane ce. Kafin la'asar za ta dawo maka."

Ƙarami, na san amsar da ta dace. Sarƙar ɗagawa daban, ta jan mota daban, Atinga ya faɗa mana har ya gaji. Amma wannan mutum shi ya ba ni 'yarsa lokacin da ba ni da komai sai rigar wuyana, kuma tun da ya ba ni bai taɓa neman ko allura a wurina ba sai ranar. Wa ka taɓa gani ya ce wa surukinsa a'a yana tsugune a gabansa? Da akwai wata hanya. Kamfani yana da igiyar waya ta jan motoci, makullinta yana wurin injiniya, da na taka na roƙa da wuya ya hana. Amma ina so Alhaji ya ga surukinsa mai makulli ne, ba mai zuwa roƙo ba. Na buɗe sito, na tsallake tsofaffin na zaɓo wadda ta fi kowacce kyau, don kada a ce na ba suruki tsohon kaya.

Ina tsaye aka yi aikin. Suka ɗaura ta a bayan wata tifa. Direban tifa sai ya ja da baya sarƙa ta kwanta a ƙasa, sannan ya taka mai da gudu ya fizga. Duk fizga ɗaya sai in ji ta a haƙorana. Sau huɗu motar albasa ba ta motsa ba, a na biyar ta fito, mutane suka ɗauki kabbara. Alhaji ya kama hannuna a gaban jama'a ya sa mini albarka, ni kuwa kaina ya kumbura, na manta da haƙoran.

Kafin la'asar sarƙa ta dawo, kamar yadda ya faɗa. An wanke ta tas, an shanya, matan gida sun shafe ta da man kaɗe zobe-zobe don kada ta yi tsatsa, an naɗe ta a cikin daro, ga goro ga albasa a gefe. Haka ake mayar da kayan aro a gidan mutunci, ya dawo ya fi yadda ya tafi kyau. Na kai ta sito. Ina rataye ta na ji zobba biyu sun cije, ba sa juyawa sosai. Sandarta tana nan a jikin ƙusa, na ɗauko ta, na riƙe, na mayar. Ban auna ba don na san abin da za ta ce. In ta ce zarto, gobe sai na yi bayanin inda sarƙar kamfani ta yini, a kore ni, sunan Alhaji ya shiga bakin mutane. Na ce bari in tura ta can baya, in sami mako guda in ƙirƙiro dalili.

Ranar Litinin na buɗe sito, injiniya ya kira ni. Kafin in dawo Babanka Yakubu ya shiga. Bututun da za mu sa ranar shi ne mafi nauyi, shi kuwa ya nemo sarƙa mafi kyau, kamar yadda aka koya mana. Na fito na hango ta a jikin ƙugiya, an riga an ɗaura, ma'aikata sun kewaye, injiniya yana duba agogo. Tsakanina da su bai fi taku ashirin ba. Kalma ɗaya ta isa, in ce a sauke. Na ce a raina, jiya ta ja mota guda ba ta tsinke ba, yau ɗaya dai. Ni ne mai yi wa direba hannu. Ni na ɗaga hannun.

Bututu ya tashi, ya juyo kan ramin. Babanka Yakubu yana bakin rami yana daidaita shi. Sai sarƙa ta tsinke, ƙarar ba ta ma kai ta Salaga ba. Gefe ɗaya ya saki, bututu ya daki ƙasa ya mirgina, ya danne masa ƙafar hagu daga gwiwa zuwa ƙasa. Sauran ka sani, da ƙafa ɗaya ka tashi ka gan shi. Abin da aka gaya muku shi ne tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Kamfani ya ce sarƙar da aibinta ta zo, na ji na yi shiru. Alhaji ya yi ta kai abinci asibiti, har ya koma ga Allah bai san akwai alaƙa ba, kuma kada ka ɗora masa komai. Ya roƙi abin da bai san haɗarinsa ba, ni ne na sani.

Da aiki ya ƙare muka dawo Yendi, inda wasu dangin Babanka Yakubu suke, ya kafa gyaran keke a gindin dalbejiyar nan ta bakin kasuwa. Babu abin da ban yi masa ba. Na yi masa rumfa, na nome masa gona, na kai 'ya'yansa makaranta tare da ku, mutane suna cewa ba su taɓa ganin aboki irina ba, kowane yabo kuwa kamar an watsa mini barkono. Gaskiya kaɗai na hana shi. Mamanka ce ta gano ni. Ta lura duk lokacin da ta buɗe man kaɗe za ta shafa wa ƙannenka sai in tashi in bar ɗakin. Ta yi shekaru tana kallo, ran nan ta rufe ƙofa ta ce sai na faɗa. Na faɗa, har da sunan mahaifinta a ciki. Ta share ido, ta ce, "Ba ni za ka gaya wa ba, Malam. Barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa. Ka san inda rumfarsa take." Matar nan ban san da me zan saka mata ba, ka riƙe ta da kyau.

Na je da safe, yana liƙin tayar wani. Na zauna a kan benci na faɗa masa duka, tun daga zuwan Alhaji har ɗaga hannu. Bai ɗago ba. Ya hura tub, ya tsoma a ruwa yana neman inda iska ke fita. Sai da ya samu ya sa alama sannan ya ce:

"Tanko, shekara bakwai kana ɗauke da kaya nan? Ni na sani tun safiya nan."

Na ce ka san me?

Ya ce, "Da na ɗauki sarƙa, hannu na ya yi ƙanshin man kaɗe. Kamfani giris yake sa. Na ce, to, wannan ya je biki wani wuri jiya. Sanda yana rataye nan, na gan shi. Amma in na shimfiɗa sarƙa na auna a gaban mutane, kamar na ce aboki na ɓarawo ne. Kai ka ji kunya Alhaji, ni na ji kunya ka, sarƙa bai ji kunya kowa ba."

Ya ci gaba da goga tub da fayil, ya ce, "Ƙafa nan mu biyu muka yanke shi. Rabi naka, rabi nawa. Naka na yafe tun a asibiti. Nawa ne har yanzu yana ba ni wahala."

Ni da furfurata na fashe da kuka a bakin kasuwa, masu tallan doya suna kallo. Ya bar ni na yi mai isata, sannan ya miƙo mini taya ya ce in riƙe masa, mai keke yana jira. Ban yarda da rabon da ya yi ba, har yau ban yarda ba. Shi zato ya yi, ni kuwa da idona na ga fizga biyar. Amma ka ga irin mutumin da ka ci sunansa. Shekara bakwai yana cin abinci kwano ɗaya da ni, ya sani, bai taɓa canza mini fuska ba. Idan na ce Allah ya yi mini ni'ima a duniya, ba gona nake nufi ba, ba gidan nan ba, shi nake nufi.

Da maganar Tema ta taso, shi ya aika wa tsohon direban kiren ɗinmu da ke can ya nema maka gurbi. Na je rumfa da faɗa, na ce kai da aikin nan ya ci wa ƙafa, kai za ka tura mini ɗa? Ya ce, "Kada ka hana shi. Gaya mashi." Wata biyu ina fama in gaya maka baki da baki na kasa, shi ya sa ka ga takarda. Da izininsa na rubuta, da na mamanka.

To ga abin da nake so ka riƙe. Da kunya muka tarbiyyantar da kai, kuma ina alfahari in na ji ana cewa ɗan Tanko ba ya haɗa ido da babba. Ka riƙe ta a gida, a masallaci, a gaban surukanka in Allah ya kawo su. Amma in ka isa ƙofar wurin aiki ka tuɓe ta ka ajiye. Sarƙar da ta fita daga idonka, ko ta awa ɗaya ce, ka tambayi inda ta je. Wadda ka ga ta yi kyau fiye da jiya, ka ƙara tambaya. Duba kayan abokin aikinka ba zargi ba ne, gyara kayanka bai taɓa zama sauke mu raba ba, kuma wanda ya duba naka ka gode masa. In babba ya roƙe ka abin da ka san zai cuci wani, ka tsuguna, ka ba shi haƙuri, ka tashi ka nemo masa wata hanya, ko da a kanka za ka kwashe albasar buhu-buhu. In kuma ka riga ka yi kuskuren, don ɗan Adam ne kai, ka faɗa tun ranar Lahadi. Aiki in ya tafi ana samun wani. Ni na tsira da aikina, ka ga abin da ya tafi a madadinsa.

A cikin ƙunshin nan za ka ga guntun sanda. Babanka Yakubu ne ya ba ni in sa maka. Daga sandar dogarawarsa ta farko ya yanko, wadda wani kafinta ya yi masa da ya fito asibiti. Ba tsaga a jikinta, don kowace sarƙa da awonta, kai za ka yi mata da hannunka ranar da aka danƙa maka sabuwa. Na san a can suna da ma'auninsu na ƙarfe da takardunsu, ka bi nasu sau da ƙafa, sun fi mu sani. Wannan ka sa ta a aljihu dai. Ya ce in gaya maka, kuma ga shi yadda ya faɗa: "Ka ce ma Ƙarami, ƙafa ɗaya ya isa. Gida biyu nan mun riga mun bayar."

Ban san yadda za ka dube ni ba bayan ka karanta wannan. In ranka ya ɓaci, yana da dalili, ka ɗauki lokacinka. In za ka ba da amsa ka fara rubuta wa Babanka Yakubu, ni zan jira. Na gode maka da tambayar da ka yi mini ran nan ba ka ji tsoron tsawata ba, ita ta nuna mini za ka iya aikin nan fiye da ni. Kuma in wata rana Allah ya kawo ni Tema, na miƙo maka sarƙa da hannuna na ce lafiyarta ƙalau, ka ce to Baba, ka shimfiɗa ta a ƙasa a gabana ka auna.

Na yafe maka duniya da lahira, na sa maka albarka a aikin nan da zuciya ɗaya. Allah ya haɗa ka da shugaba irin Atinga da aboki irin mai sunanka. Allah ya ba ka ido mai gani da bakin da zai iya cewa a sauke. Ya tsare ka, ya tsare duk wanda zai tsaya kusa da kayan da ka ɗaura. Allah ya dawo mana da kai Yendi kana takawa da ƙafafunka biyu. Amin.

Wassalam.

Mahaifinka,
Tanko.